Neman kalma: abin nan da ke tsinkewa a gwiwar 'yan ƙwallo

1/
Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon malaman Hausa, da likitocin ƙashi, da masu ɗori, da mahauta in akwai su a nan. Kalma nake nema. Abin nan da likitoci ke ce wa ligament da Turanci, me za mu kira shi da Hausa, yadda tsohuwa a Yakasai ko Ƙoƙi za ta ji ta gane ba sai an zaunar da ita ba? Na san amsar da ke bakin kowa ita ce jijiya. Ku ɗan ba ni dama, don jijiyar ce ta kawo ni.

2/
Ƙanena shekararsa 19. Wata rana bayan la'asar yana ƙwallo a filin firamaren unguwarmu a Ɗorayi, ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya sa masa ƙafa. Ya dasa ƙafar dama zai juya, jiki ya juya, ƙafa ta ƙi biyo shi. Ya ce ya ji ɓas a cikin gwiwar, sai ya gan shi a ƙasa. Kafin isha'i gwiwa ta kumbura suntum. Washegari aka yi hoton ƙashi, aka ce babu karaya, babu tsagewa. Baba ya ce alhamdu lillahi, targaɗe ne. Aka ja, aka shafa man zafi, aka ɗaure. Kumburi ya sace, yaro ya miƙe yana tafiyarsa.

Amma daga nan in zai sauko daga matakala, ko aka kira shi ya waiwayo da sauri, sai gwiwar ta zame masa kamar ba tasa ba. Wata huɗu muna cewa sauran targaɗe ne. Sai da muka je Asibitin Ƙashi na Dala. Likita ya kwantar da shi, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri da ɗaya hannun. Ni da ba likita ba na ga yadda ƙwaurin ya taho, ya wuce inda na lafiyayyar ƙafar ya tsaya. Hoton MRI, mai nuna har abin da ba ƙashi ba, ya tabbatar da abin da hannunsa ya riga ya gaya masa.

Na dawo gida na ce, "Hajiya, jijiya ce ta tsinke." Ta yi salati, ta nemi wuri ta zauna, ta ce, "Ƙafar ta shanye ke nan?"

3/
Kalmomi biyu ne suka ci amanarmu a gida ɗaya. Targaɗe ya ƙanƙantar da abin har muka yi sake, jijiya kuma ta kai tunanin Hajiya wani ciwo daban.

Ba laifinta ba ne. Mun ɗora wa jijiya kaya fiye da ƙarfinta. Wadda ake nema a hannu in za a ƙara ruwa, jijiya. Wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa, jijiya. Wadda ke hana mai cin tsire tauna, jijiya. Har itace ma muna cewa ya yi jijiya. A hira babu matsala, amma a gaban gadon mara lafiya, bambancin nan shi ne bambancin tiyata da gashin ƙashi, ko na kuka da kwanciyar hankali.

4/
Ga abin da muke nema wa suna, gwargwadon yadda aka fahimtar da ni. Farin abu ne mai tauri, kamar igiya, da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Jini ba ya bi ta cikinsa kamar bututu, kuma ba shi ke motsa ƙafa ba. Aikinsa ya hana ƙashi zuwa inda bai kamata ba.

Manyan na gwiwa huɗu ne. Biyu a gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna hana gwiwa karkacewa hagu ko dama. Biyu kuma can cikin tsakiya, sun giciye juna. Na gaban yana hana ƙwauri zamewa gaba, shi ne ACL da kuke ji a labarin wasanni, shi ne ya tsinke wa Virgil van Dijk a wasan Liverpool da Everton a Oktoba 2020, shi ne kuma ya sa Rodri ya je karɓar Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, a 2024 yana dogara sanduna. Na bayan yana hana ƙwauri komawa baya. Shi wannan ba a fili kaɗai yake samun mutum ba: wanda ke zaune a mota ko adaidaita sahu, gwiwa a lanƙwashe, aka yi karo ƙwaurinsa ya daki ƙarfen gabansa, shi yakan ji jiki.

Kuma hoton ƙashi, ƙashi yake nunawa. Duk huɗun nan za su iya samun matsala hoto ya fito tas.

5/
Ni shawarata ta farko ita ce maɗaurin gaɓa. Dalilina, ita kanta kalmar Turancin daga Latin take, daga aikatau mai nufin ɗaurewa. To bismillah, ina sauraro.

6/
Amsoshi sun shigo, na gode. Zan ɗauko waɗanda suka motsa ni.

Wata ma'aikaciyar jinya ta rushe mini tawa da jimla biyu. Ta ce, "Malam, in na ce wa majinyaci maɗaurin gwiwarka ya tsinke, bandejin da ke ƙafarsa zai duba. Maɗauri a kunnen Bahaushe abu ne na waje." Gaskiyarta. Na gwada a kan maƙwabcina, ya ce ai sai a sayo wani a kyamis. Na janye.

Wani malamin Islamiyya daga Sani Mainagge ya ce mu ara daga Larabci, domin Larabawa ribaɗ suke cewa, daga tushen da ke nufin ɗaurewa. Allah ya gafarta malam, na so wannan ƙwarai, sai dai ribaɗi ya riga ya yi gida a Hausa. Ɗalibin tarihi da ya ji ribaɗi, Wurno zai tuna da garuruwan tsaron iyaka na zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wanda bai yi tarihi ba kuma ba zai tuna komai ba.

An kawo tsirkiya, an kawo dabaibayi. Tsirkiya tana da kyau a baki, amma aikinta harbawa ne. Dabaibayi kuwa hana tafiya yake yi, alhali wannan abin shi ke sa tafiyar ta yiwu.

Wasu matasa sun ce a bar shi ligamen kawai, yadda muka bar tiyata da asibiti. Ba ni da faɗa da aro. Amma tiyata wuri ne da mutum zai gani da idonsa, ya san abin da ake yi a ciki. Wannan kuwa ba a ganinsa, sunan ne kaɗai zai nuna wa mutum aikinsa. In na ce wa Hajiya ligamen, ban gaya mata komai ba.

7/
Wanda ya fi yawan magoya baya shi ne jijiyar gaɓa, kuma a baki ba shi da aibu. Matsalar a rubutu take. Mutum nawa ne cikinmu ke sa ɓ mai lanƙwasa in yana rubutu a waya? Da zarar lanƙwasar ta faɗi, gaɓa ta koma gaba, kowane baligi kuma ya san abin da "jijiyar gaba" za ta kawo wa mai karatu a rai. Sannan a gwiwar akwai ta gaba da ta baya, sai ka ga an rubuta jijiyar gaba ta gaba. Kalmar da za ta rayu a yau dole ta jure rubutun waya, don a nan mafi yawan mutane za su fara haɗuwa da ita.

8/
Wani ya ce, "Yaya, ka bar tambayar 'yan boko, ka je wajen masu wuƙa." Na bi shawararsa. Da safe na je mayanka a Fagge, na sami wani dattijon mahauci, na sayi ƙafar saniya ta baya, na roƙe shi ya buɗe mini gwiwar a hankali. Ya dube ni, ya ce, "Malam, farfesu za a yi ko karatu?" Na ce, "Baba, karatu ne."

Ya fara nuna mini kakkaurar nan ta bayan ƙafa, wadda ake rataye nama da ita a ƙugiya. Ya ce wannan agara ce. Ya sa yatsa ya bi ta, ya nuna mini yadda ta fito daga tsoka ta je ta kama ƙashi. Sannan ya kewaye gwiwar da wuƙa, ya lanƙwasa ta, sai ga su nan a tsakiya, farare, gajeru, ɗaya ta hau kan ɗaya. Na ce waɗannan fa? Ya ce, "Jijiya ce, amma ta ɗauri. In ban yanke ta ba, ko mu biyu muka ja, ƙashin nan ba zai rabu ba." Ya sa bakin wuƙa ya tsinke ta gaban, ya ce in taɓa. Na tura ƙashin ƙasan, ya zame a hannuna daidai yadda na ga ƙwaurin ƙanena ya yi a Dala.

Na tsaya ina maimaitawa a raina: jijiyar ɗauri. Ba ta kori jijiyar da kowa ya sani ba, ta dai ba ta sana'a, kamar yadda muka riga muka yi da jijiyar jini. Ko an rubuta ta babu lanƙwasa, ba ta zama wata kalmar da za a ji kunya ba.

9/
Agarar ma ta biya mini wata buƙata. Mun saba jin ta a bayan diddige kawai, amma ban ga abin da zai hana mu kira duk wadda ta haɗa tsoka da ƙashi agara ba. Abin da ya fashe wa Ronaldo na Brazil a 2000, yana Inter Milan, agarar ƙasan ƙoƙon gwiwa ce, ba jijiyar ɗauri ba. Da Hausa duka "rauni a gwiwa" muke jin su, alhali ciwo biyu ne.

Don haka ga inda na tsaya. Jijiyar ɗauri, jam'i jijiyoyin ɗauri. A gwiwa, ta giciye ta gaba da ta giciye ta baya, sai ta gefe ta ciki da ta gefe ta waje. Wani mai gashin ƙashi ya ƙara da cewa likitoci hawa uku suke kasa raunin, kuma muna da aikatau ɗinsu tuntuni: ta ɗame, ta yage, ta tsinke.

10/
Wani dattijo mai ɗori ya rubuto ta hannun ɗansa, ransa a ɗan ɓace, cewa sun gaji targaɗe kaka da kakanni, yanzu za a ƙwace musu. Baba, ba a ƙwace ba. Targaɗe yana nan, kuma mafi yawan targaɗen da kuke gani ɗamewar jijiyar ɗauri ce ko 'yar yagewa. Ta gefe ta ciki ma sau da yawa takan haɗe da kanta cikin makonni in an tallafe gwiwar, domin jini yana isa gare ta. Ta giciye ta gaba ce daban. Tana cikin ruwan gaɓa, jinin da ke kai mata kaɗan ne, in ta tsinke gaba ɗaya da wuya bakunan su sake kama juna yadda suke. Ja da murza ba sa kaiwa inda take. Shi ya sa in za a yi aiki, yawanci ba ɗinke ta ake yi ba, ana yanko agara daga jikin mutum a dasa a gurbinta. Ba kowa ne ma sai an yi wa aikin ba, wani gashi da ƙarfafa tsokar cinya sun ishe shi in ba mai guje-guje ba ne. Amma a bar gwiwa tana ta zamewa wata da watanni, tana cin guringuntsi a hankali, ƙarshenta amosanin gaɓɓai tun mutum bai tsufa ba. Roƙona ɗaya ne: in yaro ya ce ya ji ƙara a ciki, gwiwa ta kumbura a ranar, daga baya tana zame masa, ku ce a je a duba jijiyar ɗauri. Bakinku ya fi namu tasiri a gidaje.

11/
Jiya wata maƙwabciya ta shigo dubiya. Ina daga soro na ji Hajiya tana cewa, "A'a, ba ta jini ba ce, ba ta shanyewa ba ce. Ta ɗaurin ce, ta giciyen. An dasa masa wata." Ƙanen nawa yana wata na biyar da yi masa aiki, yana zuwa gashi, an ce kada ya yi tunanin fili kafin wata tara.

Saura guda. Da mahaucin ya buɗe gwiwar, akwai wasu guringuntsi biyu masu kama da jinjirin wata, a shimfiɗe tsakanin ƙasusuwan, su ke ɗaukar nauyi. Likitoci na ce musu meniscus, kuma sukan yage tare da ta giciyen. Ni gammon gwiwa ya zo mini. Ma'aikaciyar jinyar nan da ta rushe mini maɗauri, ranki ya daɗe, ki gwada shi a kan majinyata biyu ko uku ki gaya mana abin da suka ce.