Mene ne ainihin ma'anar “procure” a Turanci, kuma daga ina kalmar ta fito?

Sabon Magatakarda, Apapa:
Assalamu alaikum, malamai. Wata uku ke nan da na fara aiki a ofishin wani kamfanin sufuri, kuma da wuya takarda ta iso teburina ba tare da kalmar “procure” a cikinta ba. Makon jiya maigidana ya rubuta cewa in yi “procure” na tayoyin tirela guda takwas, sai na tafi kasuwar kayan mota ta Ladipo na yi ciniki na dawo da rasit. Ya duba rasit ɗin ya ajiye, ya ce ba haka ake yi ba, domin da farko sai an karɓi farashi daga masu kaya uku. Shin kalmar ba saye take nufi ba? Ina roƙon a fahimtar da ni.

Malamin Turanci, Agege:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saye yana cikin ma'anarta, amma kalmar ta fi shi faɗi, domin tana nufin mutum ya samo wani abu ta hanyar ƙoƙari da bin matakai, ko da kuɗi ko babu kuɗi. Ana amfani da ita ga biza, ga lasisi, har ga sakin wanda aka tsare, waɗanda duk ba hajar kasuwa ba ne.

Asalinta Latin ne, daga “procurare”. Gaɓar farko, “pro”, tana nufin a madadin wani, “curare” kuma kula da abu ke nan. Ta ratsa ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci a wajen shekarar 1300, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwarara Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066. A daular Rum, “procurator” wakili ne mai kula da dukiya ko haraji a madadin maigidansa, kuma daga wannan zuriya kalmar “proxy”, wato wakili, ta fito. Abin da ya fi burge ni shi ne Hausa ta riga ta tanadi wannan ma'ana a ginin aikatau nata. “Ya samu” dabam, “ya samo” dabam, “ya samo mana” kuma dabam, domin na ƙarshen yana nuna an fita, an wahala, kuma don wani aka yi. A ganina shi ne mafi kusa da kalmar.

Hajiya Lauya, Obalende:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina da ƙari ta fuskar doka. Magatakarda, abin da maigidanka yake nufi ya samo asali ne daga tsarin da ake kira “procurement”, wato a tantance buƙata, a gayyaci masu kaya, a kwatanta farashi, sannan a ba da kwangila a rubuce. A ma'aikatun Gwamnatin Tarayya dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ce ta shimfiɗa wannan tsari, ita ce kuma ta kafa hukumar BPP da ke Abuja mai sa ido kan sayayyar gwamnati, kamfanoni da yawa kuwa suna da irin nasu.

Amma a yi hattara da kalmar idan mutum ne ya biyo bayanta. Sashe na 7 na “Criminal Code”, kundin dokokin laifuka na Nijeriya, ya yi amfani da ita ga wanda ya sa wani ya aikata laifi, kuma ya ɗauke shi daidai da wanda ya aikata da hannunsa. Haka nan idan aka ce wani “procurer” ne ba tare da an ambaci kaya ba, mai karatu zai iya fahimtar kawali ake nufi. Saboda haka kada ka rubuta wannan a takardar neman aiki; “procurement officer” ake cewa.

Dillalin Albasa, Mile 12:
Ashe shekara ashirin ina yin wannan aiki ban san sunansa na Turanci ba. Mai otal a Ikeja yakan bugo mini waya da asuba cewa yana son buhu talatin na albasar Aliero, ni kuma in zagaya rumfuna, in kwance bakin buhu in duba ko ta fara tsiro, in taya a wuri huɗu kafin in tsayar da ɗaya. Kuɗin nasa ne, wahalar tawa ce, la'adata kuma tana fita bayan an yi lodi.

Sabon Magatakarda, Apapa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Gobe da safe zan koma Ladipo in karɓo farashi a rubuce daga shaguna uku, domin maigida ya sake aiko da takardar batura goma sha biyu.