Zanen aro ba ya rufe katara: ina iyakar aro?

Mushen Tawa:
Salamu alaikum. Jiya da dare gardama ta kaure a fadarmu nan Tawa, har shayi na uku ya huce ba mu rabu ba. Wani ƙanenmu ya ce ficewar sojojin Faransa daga Nijar a Disamban 2023, da ta Amurkawa da suka bar sansanin Agadas a Agustan 2024, ta tabbatar da cewa zanen aro ba ya rufe katara. Na ce na yarda, amma in haka ne maganar ba ta tsaya kansu ba, tunda a Afrilun 2024 masu horar da soja na Rasha suka sauka Yamai da kayan kare sararin samaniya. Ya ce wannan abota ce, ba aro ba. Ku da kuka fi mu sanin Hausa, ina iyakar aro?

Hajiya Mai Ɗinki, Yamai:
Mushe, bari in fara da zanen kansa, don sana'ata ce. Katara ita ce gefen cinya daga sama, inda bakin zane ke hawa ɗan uwansa in an ɗaura. In mace ta ari zanen wadda ba ta kai ta jiki ba, tana tafiya yana buɗewa. Ko da ya ishe ta ma ba ta sakin jiki: ba ta zama ƙasa, ba ta kusantar murhu, gabanta na faɗuwa kar mai shi ta aiko a karɓa ana tsakiyar biki. Awon ba nata ba ne, ranar mayarwa ma ba ita ke yanka ta ba. Magabata ba su ce mai zanen muguwa ce ba.

Mushen Tawa:
Hajiya, wannan maganar awon ita ce ta tsaya mini a rai. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, Faransa na da soja kusan 1,500 a ƙasar nan kafin su tafi. Amma dukansu suna nan aka kashe mana soja 71 a Inates a Disamban 2019, wata guda bayan haka 89 a Shinagodar. Suna nan a Maris ɗin 2021 aka hallaka mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, cikin jiharmu ta Tawa. Ba ina cewa sun so haka ba. Sun zo da abin da ya dame su, shi suka sa wa ido. An yanka zanen da awon wani, mu kuma inda katararmu take ya tsaya a buɗe.

Tsohon Soja:
Ɗana Mushe, ka yi magana, amma ka bar rabinta. Hausawan da suka faɗi wannan su ne suka ce da tsirara gara baƙin bante. Ƙasar nan ta fi murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu 200, tana iyaka da ƙasashe bakwai. Wanda ya taɓa kwana a daji yana jiran a gaya masa ta ina babura za su ɓullo, ya san darajar ido a sama, ko na wane ne. A Tongo Tongo a 2017 Amurkawa huɗu sun mutu tare da yaranmu, jini ɗaya ƙasa ta sha. Ni ba na son a ɗauki karin magana a mai da ita zagi.

Ɗalibi, Jami'ar Abdou Moumouni:
Baba, da girmanka, ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Agustan 2021 Amurka ta janye daga Afganistan, rundunar da ta shekara ashirin tana ginawa ta watse, Taliban suka shiga Kabul. Yukren ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada a kan alkawarin mutunta iyakokinta da aka sa wa hannu a Budafes a 1994, takardar ba ta hana Rasha afka mata a 2022 ba. Turawan da kansu sun farga: a Yunin 2025 ƙasashen NATO suka amince su kai kuɗin tsaro kashi 5 cikin ɗari na arzikinsu nan da 2035, don sun ga mai zanen na iya aikowa. Ni dai a ganina abin da ka saya da kuɗinka ya fita daga aro, kamar jiragen Bayraktar da Nijar ta saya daga Turkiyya.

Hajiya Mai Ɗinki, Yamai:
Ɗana, keken ɗinkina na lantarki da kuɗina na saya. A Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta saboda takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, rufe shi na yi da ƙyalle na koma na ƙafa. Keken nawa ne, wutar ta aro ce. Wanda ya cece ni shi ne tsohon nan da na iya kwancewa in gyara da hannuna. Jirgin da aka saya, in ya lalace wa ke buɗe cikinsa? In harsashinsa ya ƙare daga ina ake jira?

Ƙanen Fada:
Ni ne na tayar da maganar jiya, kuma yaya Mushe bai kawo duk abin da na ce ba. Na ce na maƙwabci ba aro ba ne. Mali da Burkina da Nijar sun ƙulla ƙawancen AES a ranar 16 ga Satumban 2023, daga baya aka sanar da rundunar haɗin gwiwa ta soja 5,000. Ciwonmu ɗaya, dajinmu ɗaya. Wannan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ne.

Mushen Tawa:
Ƙanena, a kan maƙwabta na ba ka gaskiya, awonmu da su ya yi kusa. Shi ya sa ma nake jin zafin tazarar da ta shiga tsakaninmu da Najeriya, don ɓarayin dajin da ke addabar Sakkwato ba su san akwai iyaka a Ƙonni ba. Amma a kan Rasha ina nan kan bakana. Ita ma tana da yaƙinta, tana da awonta. Sauya mai ba da aro bai mai da zane naka ba.

Tsohon Soja:
To na ji ku. Hajiya ta fi mu kama bakin zaren, don a aikin soja makanike ɗaya da ya iya gyara ya fi mota goma da ke jiran kayan gyara daga waje. Abin da zan roƙa, ku faɗi karin maganar nan ga masu sa hannu kan yarjejeniya, ko da wace ƙasa ce. Kar ku faɗe ta gaban yaron da ke gadi a Tiliya da bindigar da aka ba shi, shi bai zaɓi inda aka ƙera ta ba. Mushe, ɗalibanka nawa ke son karatun kanikanci ko lantarki bana?

Mushen Tawa:
Kaɗan ne, Baba. Yawancinsu hankalinsu na kan hanyar Libiya da Abijan. Gobe in Allah ya kai mu zan kai musu labarin keken Hajiya cikin aji.