Hadari na tafe da yamma: in kama hanya da yara ko in kwana?

Baban Biyu: Assalamu alaikum. Shawara nake nema da gaggawa. Mun zo ziyara ni da uwargida da yara biyu, gobe ƙarfe 8 dole in kasance wurin aiki. Tafiyar awa 3 ce, motar ƙarama, kuma a tsakiyar hanya akwai gada mai ƙasa-ƙasa da ruwa ke hawa kanta in an yi mamako. Masu hasashen yanayi sun ce za a yi ruwa mai ƙarfi da tsawa daga yamma har dare. In tashi ƙarfe 4 in riga hadarin, ko in kwana in yi sammako in makara?

Mai Babur: Wa alaikumus salam. Ka nemi rigar ruwa mai kyau, kuma kar ka fake gindin bishiya, nan aradu ta fi faɗawa.

Baban Biyu: Mota na ce, ɗan'uwa.

Tsohon Direba: Ɗana, ka kwana. Irin wannan gadar ce ta raba ni da aikina. Da dare ne, kuma ko ɗigo bai sauka a inda muke ba, can saman rafin aka yi ruwan ya gangaro. Babbar mota ta ratsa a gabana, na ce ai ni ma zan wuce. Ina kai tsakiya injin ya mutu, sai na ji bayan motar ya ɗaga yana juyawa. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, ruwa ya danne ta. Allah ya sa gilashi ya sauka, ta nan na fitar da yaron da ke tare da ni, muka hau rufin. Mutane na tsaye a bakin gada suna haska mu da waya, suna ɗauka. Tsoho ɗaya ne ya nemo igiya. Washegari mai motar bai tambayi lafiyata ba, makulli ya karɓa. Har yau in na ji ƙarar ruwa da dare barci ba ya zuwa.

Malamar Kimiyya: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Abin da ya same ka sananne ne. Hukumar yanayi ta Amurka ta ce ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana kayar da babba, 30 ya isa ya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa har manyan jif yake tafiya da su. Ga shi ba ka ganin ko ruwan ya cinye kwaltar ƙasa.

Bakanike: Baba, bayan an jawo ta kun sake tayar da ita? Nan ake kashe inji. Ruwa in ya bi ta filtar iska ya shiga silinda ba ya matsuwa kamar iska, sai ya lanƙwasa ƙarfen fistin. A cire batir, a kwance fulogi, a juye mai. Wadda na gyara bara ba ta ci kuɗin cika tanki biyu ba.

Mai Jif: Tanki biyu? Tawa rabin kuɗin motar ta cinye, wayoyi da kwamfutar ciki duk suka tafi. Inshora ta ce irin wadda na yanka ba ta shafi ambaliya ba.

Bakanike: An cuce ka ne, Alhaji.

Mai Jif: Ko kai ne ka samu wadda ruwa ya lasa kawai. Ni dai abin da na sani, giya ɗaya, totur a sama, kar ka ɗaga ƙafa, ka wuce. Masu lissafin santimita ba su taɓa riƙe sitiyari ba.

Malamar Kimiyya: Alhaji, da wannan dabarar ka yi asarar rabin mota. Kuma ga wanda ya tsufa a kan sitiyari ya ce a kwana.

Ɗan Autan Zaure: Yaya Baban Biyu, ka saya kwalekwale ka ɗaura a rufi, an kashe magana.

Mai Babur: Aƙalla a mota tsawa ba ta taɓa ka, tayoyin roba ne.

Malamar Kimiyya: Ba taya ba ce, jikin ƙarfen ne ke zagaya da wutar zuwa ƙasa, shi ya sa ake rufe gilashi, a bar taɓa ƙarfe. Kai da ke kan babur ba ka da wannan. Ka shiga gini, ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Maman Yara: Ku ana ta batun gada, ni a cikin ɗakina ruwa ya same ni. Kwatar layinmu cike take da leda da robobi, wani kuma ya gina shago a kanta. Cikin rabin awa katifa ta tashi, ina ɗauke da jariri ina lalubar inda zan kashe wuta.

Mai Jif: Laifin hukuma ne, ba sa yashewa.

Maman Yara: Hukuma ce ke aiko yara su juye shara a kwata da zarar hadari ya haɗu? Da idona nake ganinsu.

Baban Biyu: Jama'a, ƙarfe 3 ta wuce, sama ta fara duhu. Uwargida ta ce ita da yara ba inda za su.

Bakanike: Hajiya, wanda ya gina shagon nan, wa ya ba shi izini?