Gilashin baya na Corolla yana sauka amma ya ƙi hawa

Assalamu alaikum, iyayen gidana masu aikin rewaya. Ina neman shawararku kan wata Toyota Corolla ƙirar 2006. Gilashin ƙofar baya ta hagu yana sauka lafiya, amma ya ƙi hawa, ko an danna daga makunnin ƙofar ko daga babban makunni na wajen direba. Sauran gilasai uku suna aiki, saboda haka ban zargi fiyus ba, kuma maɓallin kulle gilasai a buɗe yake.

An cire fatar ƙofar, an ba injin gilashin wuta kai tsaye daga batir, da aka juya wayoyin ya hau ya sauka ba gardama. Igiyar ragileta, wato abin da ke ɗaga gilashin yana sauke shi, ba ta tsinke ba, robar da gilashin ke bi ma ba ta riƙe shi.

Inda na tsaya shi ne soket ɗin injin. Idan aka danna sauka, mita na nuna volt 12. Idan aka danna hawa ma tana nuna 12 muddin injin a cire yake, amma da an jona shi sai wutar ta faɗi kusan sifili. A ganina ko dai waya ce ta kusa tsinkewa a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, ko kuma bakin ƙarfen makunni ya ƙone, tunda nagetif ɗin wannan ƙofar ta makunnin direba yake komawa.

Ta yaya zan bambance su kafin a sayi makunni? Idan kuma makunnin ne, goge bakin ƙarfen yana ɗorewa, ko gara a nemi ɗan Kwatano? Damina ta kama, gilashin kuwa a ƙasa yake. Allah Ya saka da alheri.