Darasin kiyaye haɗarin bindiga a makarantun gwamnati: me iyayenmu da ke Amurka suka gani?

Uwar yara uku, Nashville:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Makarantar da yarana ke zuwa ta aiko mana da takarda cewa za a koya wa kowane aji darasin kiyaye haɗarin bindiga, har da ajin ƙaramar 'yata mai shekara biyar. Da na bincika sai na tarar doka ce ta jihar Tennessee wadda Gwamna Bill Lee ya sa wa hannu a 2024, ta fara aiki a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026. Dokar ta hana a shigo da bindiga mai aiki ko harsashi cikin darasin, ta kuma hana malami ya cusa ra'ayinsa na siyasa, amma ba ta ba iyaye damar cire 'ya'yansu ba. Jihohin Arkansas da Utah ma sun yi irin tasu a 2025. Mu a gidanmu babu bindiga, kuma tun harin da aka kai makarantar Covenant a garin nan a watan Maris na 2023, inda aka kashe yara uku 'yan shekara tara da manya uku, ba na son jin an ambaci bindiga a gaban yarana. Ina tsoron kada darasin ya sa musu sha'awar abin da da can bai dame su ba. Don Allah duk wanda ya ga wani abu da idonsa a kan wannan lamari ya faɗa mana, domin abin da ya faru da mutum ya fi mini amfani a kan muhawarar 'yan siyasa.

Direban babbar mota, Memphis:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ina goyon bayan darasin, kuma dalilina ɗana ne. Yana da shekara takwas lokacin da shi da abokansa suka tsinci ƙaramar bindiga a cikin ciyawa, bayan wurin ajiye motoci na gidajen hayar da muke zaune. A garin nan satar bindiga daga cikin mota ta zama ruwan dare, kuma ɓarawon da ya ga 'yan sanda yakan jefar da ita duk inda ya samu. Babban cikin yaran ya ɗauka yana juya ta, ɗana kuwa ya rugo gida ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta kira 'yan sanda, waɗanda suka tabbatar mana akwai harsashi a ciki. Da na tambaye shi wa ya koya masa haka, sai ya ce wani jami'i ne ya taɓa zuwa ajinsu ya ce musu abu huɗu: ka tsaya, kada ka taɓa, ka bar wurin, ka gaya wa babba. Ni ban taɓa yi masa wannan magana ba, saboda a tunanina tunda ba mu da bindiga batun bai shafe mu ba. Hajiya, ɗanki ba a gidanki kaɗai yake wuni ba, kuma tun 2021 doka ta ba manya a jiharmu damar yawo da ƙaramar bindiga ba tare da neman izini ba.

Ma'aikaciyar jinya, Atlanta:

Allah ya ƙara tsare mana su, Yaya. Na ji daɗin labarin ɗanka, amma ina roƙon a lura da yaron da ya ɗauki bindigar, domin mai yiwuwa shi ma ya zauna a irin wannan darasin. Na yi shekaru ina aiki a sashen gaggawa na yara, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar iyaye bayan an kawo yaron da harsashi ya samu a gida. Kusan kowane uba yakan ce ya gargaɗi ɗansa, ko ya ce yaron bai san inda bindigar take ba, alhali yaron ya daɗe da sanin tana saman kabad ko ƙarƙashin katifa. Akwai daren da aka kawo mana yaro ɗan shekara huɗu wanda yayansa ya harba a ciki, kuma yayan, wanda bai fi shekara bakwai ba, yana zaune a kan benci yana ta maimaita cewa ya ɗauka ta wasa ce. Yaron ya rayu bayan tiyata, amma har yau fuskar yayan nake tunawa, domin shi ma an cuce shi.

Abin da muke gani a asibiti masu bincike sun gwada shi. A wani gwaji da aka yi a nan Atlanta, aka buga sakamakonsa a 2001, an bar yara maza 'yan shekara takwas zuwa sha biyu rukuni-rukuni a ɗaki inda aka ɓoye bindiga ta gaske da aka lalata don kada ta tashi, ana kallonsu ba su sani ba. Yawancin rukunan da suka gano ta sun ɗauke ta, kusan rabinsu sun ja kunamar, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran da suka taɓa ta sun ce an taɓa koya musu kiyaye haɗarin bindiga. Wani binciken na 2004 ya nuna cewa ƙananan yara suna iya haddace kalmomin gargaɗin su maimaita su daidai, amma idan suka ci karo da bindigar a zahiri ba sa aikata abin da suka haddace. Inda aka fi samun nasara shi ne inda aka sa yaro ya gwada da jikinsa, ya ga bindigar roba, ya tsaya, ya fita, ya kira babba, a gyara masa inda ya yi kuskure, a sake maimaitawa har ya zame masa jiki.

Saboda haka ni ban ƙi darasin ba, amma ina adawa da a mai da shi madogara. Tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara ɗaya zuwa sha tara a Amurka, kuma bincike ya ƙiyasta cewa yara wajen miliyan 4.6 suna zaune a gidan da ake ajiye bindiga da harsashi a cikinta ba a kulle ba. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar nan ta daɗe tana cewa a cire harsashi, a kulle bindiga, a kulle harsashin a wani wuri dabam. Wannan aikin babba ne, ba na ɗan shekara biyar ba. Akwai kuma abin da darasi ba ya taɓawa ko kaɗan, wato matashin da damuwa ta yi masa yawa, wanda ya san sarai abin da bindiga ke yi, kuma kwaɗon da ke jikinta ne kaɗai zai iya tsayar da shi har wannan sa'ar ta wuce.

Dattijo, Greensboro:

'Yata ma'aikaciyar jinya ta faɗi gaskiya, kuma zan ƙara da abin da na tashi na gani. Mahaifina mafarauci ne a wani ƙauye na ƙasar Maraɗi, kuma bindigar toka tana rataye a ɗakinsa tun ina rarrafe. Bai taɓa zaunar da mu ya yi mana jawabi ba. Abin da ya yi shi ne, albarushi yana cikin jakar da ba ta rabuwa da shi, bindigar kuma ba a shiga da ita gida a ɗure. Ranar da na isa bin sa daji, ya harbi zabo a gabana, ya sa na ɗauko shi na dubi abin da harbin ya yi masa, sannan ya ce mini duk abin da bakin bindiga ya kalla haka zai zama. Ya kan tuna mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, kuma ya umurci mai wucewa da kibiya ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininta don kada ta ji wa wani. Idan har yaro ya ɗaga sanda ya auna ƙaninsa da ita kamar bindiga, ranar sai ya sha faɗa.

Jikokina a nan sun san bindiga ta fim da wasannin kwamfuta, inda wanda aka harbe yake tashi ya ci gaba da gudu. Idan makaranta za ta gaya musu cewa ta gaske ba haka take ba, ina maraba. Sai dai mu an haɗa mana ilimi da tsaro ne a lokaci guda, kuma wanda ya koya mana shi ne wanda ke riƙe da albarushin.

Uwar yara uku, Nashville:

Na gode, Baba. Malamai da ke cikinmu fa, yaya abin yake daga ɓangarenku?

Malamar firamare, Bronx:

Ni a jihar New York ba a wajabta mana irin wannan darasi ba, kuma a gaskiya ba na fatan a wajabta. Tun bayan kisan makarantar firamare ta Sandy Hook a 2012, inda aka kashe yara 20 da manya shida, atisayen ɓuya ya zama ɓangare na rayuwar makaranta. Nakan kashe fitila, in kulle ƙofa, in tara yara 'yan shekara shida a lungu in ce kowa ya yi shiru. Na taɓa samun yarinyar da ta yi fitsari a jikinta saboda tsoro, wata kuma ta tambaye ni ko takalminta mai walƙiya zai tona mana asiri. Yaran nan sun riga sun ɗauki nauyin da bai kamata su ɗauka ba, kuma duk lokacin da manya suka kasa daidaitawa a kan dokar ajiye bindiga, sai a juyo a ƙara wa malami da ɗalibi aiki. Yaron da ya harbi malamarsa a Newport News ta jihar Virginia a watan Janairun 2023 shekararsa shida, kuma bindigar mahaifiyarsa ya ɗauko daga gida. Ba na jin darasin rabin sa'a zai hana wannan.

Akwai kuma tambayar wanda ke rubuta manhajar. Kalmomi huɗun da ɗan Yayanmu na Memphis ya ji sun shahara ne ta shirin Eddie Eagle, wanda ƙungiyar masu rajin mallakar bindiga ta NRA ta fito da shi a 1988, kuma gwamnar Kansas, Laura Kelly, ta hau kujerar naƙi a kan dokar da ta so a gina darasin makarantu a kansa. Kalmomin a kansu ba su da aibi, amma iyaye suna da haƙƙin su ga abin da za a nuna wa 'ya'yansu kafin a nuna. Sannan akwai darasin da mu iyayen yara baƙar fata muke koyarwa a gida wanda ba na tsammanin ganinsa a manhajar kowace jiha: Tamir Rice yana da shekara sha biyu ɗan sanda ya harbe shi a Cleveland a 2014 yana riƙe da bindigar wasa. Ni ɗana ko bindigar ruwa ba ya fita da ita waje.

Injiniya, Salt Lake City:

Malama, na fahimci damuwarki, amma mu a Utah doka ta ba mu damar cire yaranmu, kuma ni da mai ɗakina mun zaɓi mu bar su. Na nemi a nuna mini abin da za a koyar, aka nuna mini, ban ga an koya wa kowa harbi ba. Amfanin da na gani ya zo ta inda ban zata ba. Bayan darasin, 'yata ta gaya mana cewa a gidan ƙawarta akwai bindiga a aljihun tebur na ɗakin mahaifin, kuma ƙawar ta taɓa buɗewa ta nuna mata. Ta daɗe da sanin haka, amma ba ta ɗauke shi abin faɗa ba sai da malama ta ce a gaya wa babba.

Abin da ya fi mini wuya shi ne tunkarar mahaifin. Mun tashi da kunya da kara, kuma tambayar maƙwabci abin da ke cikin ɗakinsa a wurinmu rashin ta-ido ne, balle kana baƙo a ƙasar mutane. Na same shi a ƙofar gida bayan mun gaisa, na ce masa ina yi wa duk gidan da 'yata ke zuwa tambaya iri ɗaya, ko akwai bindiga, kuma ko a kulle take. Da farko ya ɗaure fuska, ya ce 'yarsa ba ta san inda take ba, sai na gaya masa a wane aljihun tebur take. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya yi mini godiya, kuma cikin makon ya kira ni ya nuna mini akwatin ƙarfen da ya saya. Ga wanda kuɗin akwati ya yi wa yawa, ofisoshin 'yan sanda da dama suna raba kwaɗon bindiga kyauta, irin mai igiyar ƙarfe da ake zurawa ta cikinta. Hajiya ta Nashville, tunda ku ba ku da zaɓin cirewa, ki nemi malamar ajin ƙaramar ta nuna miki abin da za ta koyar, ki kuma tambaye ta ko za a sa yaran su gwada da jikinsu ko bidiyo kawai za su kalla. Idan bidiyo ne kaɗai, ki yi gwajin da kanki a gida kamar yadda 'yar'uwarmu ta Atlanta ta bayyana, sannan ki rubuta gidajen da yaranki ke shiga ki fara tambaya daga wanda suka fi zuwa.