"Wake ɗaya shi ke ɓata gari": ta hau kan tumatir kuwa?

Mai buɗe zance: Jama'a, jiya a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, a jihar Kano, na ga dillali ya zura hannu can ƙasan kwando, ya zaro tumatir ɗaya da ya fashe, ruwa na bin yatsunsa. Ya ce da mai kaya, "Wake ɗaya shi ke ɓata gari," nan take ya zaftare kuɗi. Maganar ta zauna a nan kuwa?

Ɗalibi: Ni tun ina yaro na ɗauka garin da mutane ke zama ake nufi, wato ɓata-gari guda ya ja wa kowa zagi.

Malamin Hausa: A'a ɗana, garin niƙa ne, ja wasalin. Ruɓaɓɓen wake guda ya bi 'yan uwansa cikin niƙa, ɗanɗanon ya tafi, kuma ba ka iya tsame shi. Ma'anar dai a kan mutane take komawa, nan ka yi daidai.

Manomi daga Kadawa: Malam, a gafarce ni, dillalin nan wayo ya yi. Wake da ruɓarsa ya zo. Tumatirin nan kuwa lafiya lau na tsinke shi da sassafe. Kwando ne ya yanke shi, aka ɗora wani kwandon a kansa, na ƙasa ya sha nauyi. Haka zai yi ta jijjiga a mota har kasuwar Mile 12 a Legas. Laifin wa? Da a kwandon roba aka zuba, mai hawa kan ɗan uwansa ba tare da ya danne kaya ba, da ba a yi wannan zance ba. Abin da ya dace da shi shi ne "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Fata ta tsage, ruɓa ta samu ƙofa.

Malamin Hausa: Amma bayan ta shiga, ba na kusa da shi take kamawa ba? To ka dawo kan wake.

Uwargida: Ku dai yi ta yi. Ni da kwando ya iso gida nake juye shi a tabarma cikin inuwa, in ware mai tabo ya shiga miyar ranar. Lokacin araha kuma, wajen Fabrairu, in yanyanka in shanya a rana, kauɗa ta kai ni damina.

Ɗalibi: Hajiya, kin tsame waken kenan kafin niƙa.

Manomi daga Kadawa: Ita ta tsame, ni aka zaftare wa kuɗi.