Wace kalma za mu ba "pyromania" a Hausa?

'Yan uwa masu fassara, wannan kalma ta fito ne a rubuce-rubucen likitocin ƙwaƙwalwa kan cinna wuta tsakanin maza masu lalurar Klinefelter, wata lalura da ake haifar wasu maza da ita. Shawara ta farko da aka kawo ita ce "haukan wuta". Ban yarda da ita ba.

Mai pyromania ba mahaukaci ba ne, ya san abin da yake yi. Ƙunci ne ke taruwa masa a ƙirji kafin ya kyasta ashana, idan wuta ta kama sai ya ji sanyi a ransa. Ba kuɗi yake nema ba, ba ramuwa ba, ba ɓoye wani laifi ba. Abin da ke jan mutum ya koma ga abu yana sane da illarsa, jaraba muke ce masa, kamar ta caca. Don haka nake ganin "jarabar cinna wuta" ta fi dacewa. Wanda ya ƙona rumbun maƙwabci saboda gaba kuwa, ƙona dukiya da gangan ya yi, maganarsa ta kotu ce.

Malam da ya ce a kira Klinefelter "mata-maza", Allah ya gafarta Malam, a nan ne na fi jin tsoro. Maza ne da aka haifa da kuromosom (ƙwayoyin da ke ɗauke da gadon halittar mutum) 47 maimakon 46, wato XXY maimakon XY na sauran maza. Harry Klinefelter ya bayyana lalurar a Boston a 1942, Patricia Jacobs da John Strong suka gano ƙarin X ɗin a 1959. Kusan namiji ɗaya cikin 600 na da ita, yawancinsu ba su ma sani ba, sai matsalar haihuwa ta kai su asibiti. Mu bar ta "lalurar Klinefelter".

Wani bincike na Denmak a 2012 ya ga hukuncin ƙone-ƙone ya fi yawa a cikin masu lalurar fiye da sauran maza, amma masu laifin 'yan ƙalilan ne, kuma ba kowane mai cinna wuta ne mai jarabar ba. Kada fassararmu ta haɗa sunayen biyu har mai karatu ya ɗauka duk mai XXY ɗan gobara ne.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, "jaraba" tana ɗaukar wannan ma'ana a wajenku?